Bala Miller Da Kiɗan Da Ya Rasa Magada

A shekarar 2001, wani kamfanin fayafayai da ke Landan mai suna Strut ya tattaro zaɓaɓɓun kaɗe-kaɗen Nijeriya na shekarun 1970, ya fitar da su a kundi guda da ya kira Nigeria 70. An tallata kundin a matsayin tarihin kiɗan birnin Legas, kuma sunayen da ke cikinsa sun gaskata haka: Fela Anikulapo Kuti, King Sunny Ade, Tony Allen, Orlando Julius da tagwayen gidan Lijadu. Sai dai a tsakiyarsu akwai waƙa guda mai sunan Hausa, wato Ikon Allah, ta Bala Miller da ƙungiyarsa, wadda mazauninta Kaduna ne. Ta wannan kundi ne masu sauraro da dama a Turai da Amurka suka fara jin sunansa. Bayan shekara biyu, a 2003, ya rasu.

Duk wanda ya kai shekara hamsin, kuma ya yi kallon talabijin a shekarun 1980, zai tuna da shirin nan na NTA mai ɗauke da sunan Bala Miller, da jerin mabusan da ke tsaye bayansa kowa da ƙahonsa yana ƙyalli. Amma in ka shiga aji a yau ka ambaci sunan, sai ɗalibai su dubi juna. Sun san Shata, sun san Narambaɗa da Ɗanƙwairo, wasunsu ma sun haddace waƙoƙinsu, alhali duk ba su riski zamaninsu ba. To, me ya sa waɗancan suka wanzu a kunnen jama'a, shi kuwa ya ɓace? Amsar wannan tambaya ta shafi yadda muke adana tarihinmu baki ɗaya, da irin abin da muke ɗauka ya cancanci a adana.

Busa a ƙasar Hausa

Busa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada. Tun daga wancan zamani kakaki ya zama alamar sarauta, ba a busa shi ga kowa sai sarki. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla, a Birnin Kebbi ko a Argungu, ya san yadda amon kakaki da algaita ke sa tsikar jiki ta tashi tun kafin a hango laimar sarki. Mai algaita kuwa yana da wata gwaninta da mabusan duniya ke shan wahala kafin su koya: yakan tara iska a kumatu, ya riƙa shaƙar numfashi ta hanci ba tare da busar ta yanke ba. Ga farai, ga ƙahon mafarauta, ga sarewar makiyaya.

Ƙahon zamani mai maɓallai uku, wanda ake kira turamfet, ya shigo mana ne ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce badujalar soja da ta 'yan sanda, wadda ta zo tare da rundunar Turawan mulkin mallaka da ta yi sansani a Lokoja a ƙarshen ƙarni na 19. Ta biyu ita ce makarantu da majami'un mishan. Abin sha'awa shi ne, ta irin wannan hanya ce kiɗan jaz ya tsiro a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20. Baƙaƙen fata, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka ɗauki kayan badujala da aka ƙera domin fareti, suka sa su yin magana irin tasu.

Ginshiƙin jaz abu ne da Bahaushe zai gane nan take. Ƙungiya takan shimfiɗa tsararren kiɗa da kowa ya haddace, sannan a ba mabushi guda fili ya ƙaga nasa nan take, bisa ma'aunin da aka shimfiɗa, in ya gama a koma kan tushe. Wanda ya san yadda 'yan amshi ke riƙe wa Shata gindin waƙa, shi kuma yana ƙaga ɗiyanta ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya san tsarin. Bambancin kawai, a jaz ƙaho ne ke yin abin da bakin mawaƙi ke yi.

Louis Armstrong, wanda ya fi kowa fito da martabar wannan ƙaho, ya ziyarci Accra a 1956, inda E.T. Mensah, sarkin kiɗan hailaif na Ghana kuma mabushi, ya tarbe shi. A 1960 ya zo Nijeriya, har ya iso Kaduna, kuma akwai hotonsa tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, suna raha. A wancan zamani ƙaho ne sarkin kayan kiɗan birane a Afirka ta Yamma. Victor Olaiya, Rex Lawson, Eddy Okonta da Zeal Onyia duk mabusa ne. Fela kansa ƙaho ya fi mayar da hankali a kai lokacin da ya tafi karatun kiɗa Landan a 1958. A wannan jeri, ɗan Arewa da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da su shi ne Bala Miller.

Daga Lokoja zuwa Legas

An haife shi a 1928 a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu, inda aiki ya kai mahaifinsa. Mahaifin limamin coci ne, yana cikin mutanen farko da suka karɓi Kiristanci ta hannun mishan ta CMS a Zariya, wadda Dokta Walter Miller ya jagoranta, kuma daga bisani ta koma Wusasa. Wannan gida na Wusasa ya fitar da 'yan boko na farko-farko a Arewa, ciki har da Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga wannan yanki. Saboda haka Bala ya tashi a gidan da ake jin Hausa, ake kuma karanta rubutun boko da rubutun kiɗa.

A Lokoja ne ya fara taɓa kayan busa, lokacin da aka mayar da mahaifinsa can. Daga nan ya wuce makarantar CMS Grammar School ta Legas, wadda aka kafa a 1859, ita ce sakandare mafi tsufa a ƙasar nan. Tun yana ɗalibi ya shiga ƙungiyar Calabar Brass Band, masu bin tituna da gidajen biki da busa. Da ya gama makaranta sai ya kama aikin tallan kaya a kamfanin Lever Brothers, yana zuwa ofis da rana, da dare ya ɗauki ƙahonsa ya tafi ƙungiyar Samuel Akpabot, wanda daga baya ya zama shehin malami a fannin kiɗa. Bayan tafiyar Akpabot karatu ƙetare, Bala ya haɗu da Victor Olaiya a ƙungiyar Cool Cats, kuma ya tsara masa waƙoƙi. Olaiya ne aka zaɓa ya yi kiɗa a liyafar samun 'yancin kai a 1960, abin da ke nuna matsayin mutanen da Bala ya yi gogayya da su.

Akwai abin lura a nan. Bala Miller bai gaji kiɗa ba, bai kuma dogara da shi domin cin abinci ba a tsawon shekarun ƙuruciyarsa. Ma'aikacin kamfani ne mai albashi, ya yi aiki da Nigerian Breweries a sashen talla, aikin da ya zagaya da shi sassan ƙasar nan. A al'adarmu kuwa, kiɗa sana'a ce da ake gada, kuma tana tafiya da roƙo. Makaɗi yana da ubangida, ko sarki, ko attajiri, ko masu wata sana'a kamar manoma da mahauta da 'yan dambe. Mutumin da ya sa taye ya tafi ofis da safe, ya dawo ya zauna yana rubuta wa mabusa goma abin da kowannensu zai busa, ba shi da gurbi a wannan tsari. Wannan rashin gurbi ya bi shi har bayan ransa.

Makaranta a Kano, ƙungiya a Kaduna

A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, Bala Miller ya shiga aikin kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Manufar ita ce a ɗauko matasa a koya musu karanta rubutun kiɗa da sarrafa kayan busa da na kaɗawa, su samu sana'a. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: fiye da shekara hamsin da suka wuce, wata gwamnatin jiha a tsakiyar ƙasar Hausa ta ga dacewar a koyar da kiɗa a aji, kamar yadda ake koyar da kafinta da aikin jinya.

Sai kuma bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Bala yana cikin waɗanda suka yi hidimar ɓangaren kiɗa. Bikin ya tara manyan makaɗan duniya, irin su Stevie Wonder, Miriam Makeba da ƙungiyar jaz ta Sun Ra. A shekarar ce kuma Lester Bowie, shahararren mabushin jaz daga Amurka, ya zauna tare da Fela a Legas har suka yi faifai. Ana cikin wannan yanayi ne Bala ya kafa ƙungiyarsa, The Great Music Pirameeds of Afrika, a Kaduna. Ga ɗan Arewa, sunan na tuna masa dalar gyaɗa ta Kano. Ga baƙo kuwa, dalar Masar. Ƙungiyar ta bunƙasa har ta haura mutum 20, kuma Costain Club ta Kaduna ce dandalin da aka fi saninta da shi.

Riƙe irin wannan ƙungiya ba ƙaramin aiki ba ne. Tsarinta irin na manyan ƙungiyoyin jaz ne na su Duke Ellington da Count Basie: sahun masu ƙaho, sahun masu ƙaho mai zarya da ake kira turombon, sahun masu sakso, sannan masu ganguna da jita da fiyano. Kowane sahu yana da abin da aka rubuta masa, kuma dole su shiga tare su fita tare, in ɗaya ya kuskure kowa ya ji. A Amurka ma, inda aka haifi tsarin, tsadar albashi da sufuri ta rusa yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi bayan yaƙin duniya na biyu. Bala Miller ya tayar da irinta a Kaduna, ya kuma ɗora mata harshen Hausa.

A nan ne gudunmawarsa ta fi fitowa. Hausa harshe ne mai karin sauti, ga kuma dogon wasali da gajere. In mai tsara kiɗa ya ɗora kalma a kan sautin da ya saɓa wa karinta, sai ma'ana ta karkace ko ta zama abin dariya. Makaɗan gargajiya sun warware wannan matsala tun da daɗewa, domin kalangu da kotso suna bin hawa da saukar murya. Amma jera mabusa da yawa su yi amo mai jituwa, a kuma bar wa Hausa karinta, aiki ne da ke buƙatar wanda ya san harshen daga nono, ya kuma san ƙa'idar rubutun kiɗa. Waɗanda suka haɗa biyun a zamaninsa ba su da yawa.

Wanda ke son ya ji yadda abin ya kasance, ya nemi faifansa mai suna Pyramids na 1979, wanda Ikon Allah ke ciki. Masu tsattsauran ra'ayi kan jaz za su ce wannan hailaif ne da aka gauraya da kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka na wancan lokaci, kuma suna da gaskiya. Amma horon mabusan, da yadda suke amsa wa murya kamar 'yan amshi, da filin da ake ba wa mai gwaninta ya nuna kansa, duk daga makarantar jaz suka fito. A 'yan shekarun baya wani kamfani na ƙasar Ostiriya mai suna PMG ya sake buga faifan domin masu tara tsofaffin fayafayan Afirka. Sauran aikin nasa, musamman abin da ƙungiyar ta yi a gaban kyamara a shekarun 1980, yana kan kaset-kaset na gidan talabijin.

Dalilan mantuwa

Dalili na farko shi ne wanda na ɗauko a sama, wato rashin ubangida. Waƙar Hausa takan rayu ne saboda sunayen da ke cikinta suna da magada. Muddin akwai zuri'ar Sarkin Gobir na Isa Amadu, za a ci gaba da jin Narambaɗa. Waƙoƙin da Ɗanƙwairo da Shata suka yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar suna da masu kishinsu a Daura. Haka na Sa'idu Faru ga gidan Muhammadu Macciɗo, haka na Aliyu Ɗandawo ga Kabi da Yawuri. Jika yana neman waƙar domin ya ji an ambaci kakansa, gidan rediyo yana sa ta domin akwai masu neman a sa. Kiɗan Bala Miller kuwa an yi shi ne domin jama'ar birni, ma'aikata da ɗalibai da sojoji da 'yan kasuwa daga ƙabilu daban-daban, waɗanda suka saurara suka watse. Abin da yake na kowa, in ba a yi hattara ba, sai ya zama ba na kowa ba.

Dalili na biyu ya shafe mu, mu malaman jami'a. Nazarin waƙar baka ya yi nisa ƙwarai a jami'o'inmu. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazari da ɗalibai ke bi har yau, ya kuma tattara tarihin makaɗa masu yawa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da cikakken tarihin Shata a 2006. Wannan duk abin alfahari ne. Sai dai kiɗa ya shigo jami'o'inmu ne ta ƙofar sashen harsuna, a matsayin adabin baka. Ɗalibi yakan rubuta matanin waƙa, ya fitar da turke da salo da azanci, ya ambaci kayan kiɗa a layi biyu ya wuce. Mutumin da gwanintarsa ke cikin amo da jituwar kayan busa ba ya shiga wannan raga. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. Mu kuwa, littafin da ake komawa gare shi kan sunaye da bayanin kayan kiɗan Hausa har yanzu shi ne wanda David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971.

Dalili na uku shi ne wanda ba a cika son faɗa ba. Bala Miller Kirista ne, sunan gidansu na Turawa ne, kuma a kulob da otal ya yi yawancin kiɗansa. Ga mutane da dama wannan ya isa a cire shi daga lissafin makaɗan Hausa. Malamai sun yi maganganu kan hukuncin kiɗa tun kafin jihadi, kuma wannan shafi ba wurin warware saɓaninsu ba ne. Wanda ya zaɓi ya nisanci kiɗa domin addininsa, zaɓinsa abin girmamawa ne. Amma adana shaidar abin da ya faru daban yake da yarda da shi. Gidajen tarihinmu cike suke da layu da kayan tsafi da kayan yaƙin da ba wanda ke aiki da su a yau, an ajiye su ne domin na baya su san daga inda aka fito. Haka kuma, makaɗan da muke girmamawa da yawansu sun yi wasa a wuraren da ba za mu so a gan mu ba, ba mu kuwa jefar da su saboda haka ba. Batun addini kuma, Hausa ta daɗe tana ɗauke da Musulmi da Maguzawa da Kiristoci. A wannan lokaci da ake ta ƙoƙarin raba mutanen Arewa gida biyu, mutumin da ya fito daga gidan limamin coci ya tsara waƙa da Hausa kan ikon Allah, Musulmi da Kirista suka saurara tare, shaida ce da bai kamata a bari ta salwanta ba.

A kan waɗannan sai tattalin arziki ya ƙara nasa. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan busa da ake shigowa da su suka gagari saye. Satar fasaha ta hanyar kwafar kaset ta karya kasuwar faifai, manyan kamfanonin ƙetare irin su EMI da Polygram suka sayar da rassansu suka tafi. A shekarun 1990 fiyanon lantarki ya shigo situdiyoyin Kano, yaro guda ya zauna ya fitar da amon ƙaho da ganga da sarewa da yatsunsa. Wa zai ɗauki nauyin mutum ashirin alhali mutum ɗaya ya wadatar?

Abin da muka rasa

Sakamakon a bayyane yake. Je ka wurin masu tura waƙoƙi a waya a Badariya ko a tsohuwar kasuwa, za ka samu dubban waƙoƙin Hausa na zamani, muryoyi masu daɗi, kalmomi masu ma'ana, amma amon da ke ƙarƙashinsu kusan iri ɗaya ne, domin daga na'ura ɗaya ya fito. Matashin da ke son koyon busa a yau, in ba soja ko ɗan sanda ya shiga ba, ko kuwa a coci ya tashi, da wuya ya samu mai koya masa. Gidajen biki sun koma hannun masu sa kiɗa da kwamfuta.

A kudu abin ya sha bamban. Femi da Seun Kuti sun riƙe ƙungiyoyi masu cikakken sahun mabusa suna zagaya duniya. Burna Boy, wanda ya ci kyautar Grammy a 2021, jikan Benson Idonije ne, manajan Fela na farko kuma tsohon mai gabatar da shirin jaz a rediyo. Gado ne ya bi jini, ya kuma bi fayafayan da aka adana. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda ke da iyaka da mu ta Kamba, sun kafa cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, suka sa mata sunan makaɗinsu na zamani, Alhaji Taya. Mu da muka riga su da makaranta a Kano, yau ina tamu?

Abin da ya rage a yi

Lokaci ba ya jiran kowa a wannan aiki, domin kayan da aka naɗi sauti a kansu suna da ajali. Zaren kaset yakan manne ko ya ruɓe in zafi da laima suka yi masa yawa. Faifan garmaho yakan lanƙwashe a ɗakin da zafinsa ya haura digiri 40, kamar yadda muke gani a nan cikin watan Afrilu. Na'urorin da ke karanta kaset-kaset na talabijin na shekarun 1980 an daina ƙera su, masu gyaransu ma sun yi ƙaranci. Kowace damina da ta wuce tana tafiya da wani abu.

Mataki na farko shi ne gidajen NTA da Rediyon Tarayya na Kaduna, tare da cibiya irin Gidan Arewa, su haɗa hannu a ƙidaya abin da ke cikin taskokinsu na Bala Miller da takwarorinsa, irin su ƙungiyar Sahara All Stars ta Jos wadda ita ma take cikin kundin Nigeria 70, a mayar da su kan kwamfuta, a ajiye kwafi a wurare fiye da ɗaya. Akwai hukumomin duniya da ke tallafa wa irin wannan aiki, kamar shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004. A kuma tabbata iyalansa sun ci moriyar haƙƙin mallakarsa.

Na biyu, ɗalibanmu masu neman batun digiri na biyu da na uku su waiwayi wannan fage. Waɗanda suka yi busa a ƙungiyar Bala Miller, da waɗanda suka yi karatu a makarantar Kano, duk wanda ke raye a cikinsu ya manyanta. Hira da su yau ta fi littafi goma da za a rubuta bayan sun kau. Waɗanne darussa aka koyar? Yaya ake tsara waƙa? Ina takardun da aka rubuta kiɗan a kansu? Haka kuma, masu kula da kundaye su yarda cewa amo ma abin nazari ne, su nemi haɗin gwiwa da masana kiɗa daga wasu jami'o'i in babu su a gida.

Na uku, mu dubi gida. Abin da ya sami Bala Miller yana iya samun masu kakaki da algaita da tambura na fadodin Gwandu da Argungu da Yawuri, da makaɗan uhola na ƙasar Zuru, da makaɗan masunta na bakin Matan Fada. Su ma gwanintarsu a amo take, ba a rubuce ba. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma Gidan Tarihin Kanta yana ajiye da kayan kiɗa na da. Sai dai kakakin da ke jingine a bango ba ya gaya wa kowa yadda ake busa taken sarki. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu suna iya buɗe ƙaramar taskar sauti da kuɗin da bai kai na motar ofis guda ba: na'urar naɗiya mai kyau, kwamfuta, ma'aikaci guda da ya san aikinsa, da rajistar da za ta nuna wa ya busa, a ina, yaushe, kuma me busar ke cewa.

Na huɗu ya rataya a wuyan mai karatu. Gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Argungu da Jega suna da akwatunan fayafayan garmaho da kaset-kaset da iyaye suka bari, ana shirin zubarwa ko an bar wa gara. Kafin a zubar, a duba. Mai yiwuwa kwafin da ya rage a duniya na wata waƙa yana ƙarƙashin gadon wata tsohuwa.

Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bala Miller bai bar gida ba. Ya yi suna a Legas, ya dawo Arewa ya koyar da yara, ya tara mabusa, ya sa ƙahon Turawa ya yi Hausa. Hakkinsa a kanmu shi ne a tattara aikinsa, a rubuta tarihinsa, a sa shi a manhaja kusa da sauran makaɗan da muke taƙama da su, tun waɗanda suka busa tare da shi suna da sauran numfashin ba da labari. Allah Ya ba mu ikon yi.